Nazarin Lamari: Rundunar 'Yan Laima da Aka Tura Tsaron Abinci, Ta Dawo da Jinin Yaro a Hannunta

Lamarin a taƙaice

Wannan nazari ya bi sawun wata runduna guda ta sojojin laima na ƙasar Kanada, tun daga lokacin da tarbiyya ta fara lalacewa a barikinta har ranar da aka rushe ta, da kuma gyaran da sojan ƙasar ya yi daga baya. A watan Maris na 1993, a garin Beledweyne na Somaliya, sojojinta sun harbe mutum yana gudu. Bayan kwana 12 suka gana wa wani yaro ɗan shekara 16 azaba har ya cika a hannunsu. Abin da ya kai su garin shi ne tsare abincin agaji. Sojoji da hafsoshin rundunar, da muƙamansu kawai za a ambace su.

Asali: 1968 zuwa 1991

An kafa rundunar a 1968, aka mayar da ita barikin Petawawa a lardin Ontario a 1977. Ita ce ake ji da ita a sojan ƙasa na Kanada: masu dira daga jirgi, masu jar hula, waɗanda ake fara turawa in ta ɓaci. Ta yi aiki a tsibirin Saifurus a 1974 lokacin da Turkiyya ta shiga, ta kuma fito da suna mai kyau.

Tsarinta na da wani gurbi da ba a kula da shi ba. Ba ta ɗaukar kurata da kanta. Kashi uku gare ta, kowanne ana ce masa kwamando, kuma kowanne wata tsohuwar runduna ce ta sojan ƙasa ke aiko masa da mutane. Na ɗaya masu jin Faransanci ne, na biyu da na uku masu jin Ingilishi. Wanda ke aikowa shi ke zaɓa, kuma ba kullum yake rabuwa da nagartattunsa ba. Wani lokaci wanda ya gagari kwamandansa shi ake turowa. A 1985, bayan yawan rahotannin duka da faɗa, an sa wani janar ya binciki tarbiyyar sojojin. Ya ba da shawarar a riƙa turo hafsoshi da sajan-sajan da suka natsu. An bi shawarar na ɗan lokaci, sannan aka koma gidan jiya.

A takarda babu abin da ya ɓace. Kanada na cikin Yarjejeniyoyin Janiba na 1949, waɗanda suka haramta cin zarafin duk wanda ke tsare. Ta amince da yarjejeniyar hana azabtarwa a 1987, kuma azabtarwa laifi ce a dokar ƙasar. A cikin kwamando na biyu kuwa wata ƙa'ida daban ke aiki: kome ɗan'uwanka ya yi, ba ka gani ba, ba ka ji ba. Wasu cikinsu suna kiran kansu 'yan tawaye, suna kafa tutar jihohin kudancin ƙasar Amurka da suka yi yaƙi daga 1861 zuwa 1865 don riƙe bautar baƙar fata. An hana tutar, tana sake fitowa. A 1990 aka ƙona motar wani hafsa, ba a gano wanda ya yi ba.

Shirin tafiya: Yuni zuwa Disamba 1992

A tsakiyar 1992 aka rage girman rundunar zuwa na bataliya. Kanar ke jagorantarta a da, yanzu laftanar-kanar. Shugabannin kwamando uku suka rasa ikon hukunci irin na cikakken kwamanda. Ana cikin wannan sauyi aka zaɓe ta zuwa Somaliya, inda gwamnatin Siad Barre ta faɗi a Janairun 1991, yunwa kuma ta kashe mutanen da kiyasi ya sa tsakanin dubu 200 da dubu 300.

A farkon Oktoba, cikin kwana biyu, abubuwa uku suka faru. An tayar da abubuwan fashewa na atisaye a wurin shaƙatawar ƙananan sojoji. An cinna wa motar sajan mai gadi wuta. Wasu kuma suka shiga wani gandun daji suna harbe-harbe. Da aka tara kwamando na biyu ana tambaya, kowa ya yi gum a kan maganar motar. Kwamandan rundunar ya nemi a ba shi dama ya bar kwamando na biyu a gida in ba su fito da masu laifin ba. Birgediya-janar da ke samansa bai yarda ba. Ranar 21 ga Oktoba aka cire kwamandan, bisa dalilin cewa horon da yake bayarwa bai gamsar ba, aka kawo wani. A tsakiyar Nuwamba aka sa hannu cewa rundunar ta shirya.

'Yan kaɗan aka bari a gida. Cikin waɗanda aka tafi da su har da wanda aka taɓa buga hotonsa a jarida yana sara irin ta 'yan Nazi. Har da wani kofur da wani farabiti da shugabannin sashensu suka nuna shakku a kansu.

Aikin ma ya canza a ƙurarren lokaci. An horar da su ne don aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Bosaso, arewa maso gabashin Somaliya. Ranar 3 ga Disamba Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 794, ya ba wata rundunar haɗin gwiwa ƙarƙashin Amurka izinin amfani da ƙarfi. Aka mayar da sojojin Kanadan ƙarƙashin wannan rundunar haɗin gwiwa, aka ƙayyade yawansu zuwa 900, aka sauya wurin zuwa Beledweyne. Ƙa'idojin buɗe wuta sun fito ne ana cikin haɗa kaya. 'Yan sandan soja biyu kacal aka haɗa su da su. Horon da suka samu kan dokokin yaƙi kaɗan ne, kuma babu tsayayyen tsari kan abin da za a yi da wanda aka kama.

Beledweyne: Disamba 1992 zuwa Fabrairu 1993

Garin yana bakin kogin Shabelle, fiye da kilomita 300 arewa da Mogadishu. Sun karɓe filin jirginsa ranar 28 ga Disamba ba tare da faɗa ba. Zafin rana kan wuce digiri 40. A tanti suke kwana, abincin leda da gwangwani suke ci wata da watanni. Duk mako ana ba su wani maganin rigakafin zazzabin cizon sauro mai suna mefloquine, wanda wasu suka ce yana sa su mugun mafarki da saurin fushi.

Sun yi aiki na gaske a waɗannan watanni. Sun raka motocin abinci, sun killace manyan makaman 'yan bindiga, sun gyara makarantu da gada, sun taimaka wa asibitin garin, sun horar da 'yan sanda.

Abin da ya dame su sata ce. Maimakon sansani ɗaya mai shinge, an yi ƙananan sansanoni a warwatse a gefen hanya, ga ƙarancin waya mai ƙaya da fitilu. Da dare samari da yara na garin da yunwa ta ɗaiɗaita suna kutsowa su kwashi abinci, man fetur, ruwa, duk abin da hannu ya kai. In an kama su babu kotu babu gidan yari, sai a miƙa su ga dattawa ko 'yan sandan gari, gobe su dawo.

Mataki na farko da wasu sojoji suka ɗauka shi ne kunyatarwa: a ɗaure wanda aka kama, a rufe masa ido, a rataya masa allo mai cewa ɓarawo ne, a ajiye shi a rana inda masu wucewa za su gani. Akwai hotunan yara a wannan hali. Satar ba ta tsaya ba. Ranar 28 ga Janairu sabon kwamandan ya gaya wa hafsoshinsa cewa ana iya harbin ɓarawon da ke gudu, a auna tsakanin bakin zani da silifa, wato ƙafa. Ƙa'idojin buɗe wuta da aka rubuta ba su ba da izinin harbin mai gudu da ba ya barazana ga ran kowa ba.

Daren 4 ga Maris 1993

Watan azumi ne. Wani kyaftin mai jagorantar 'yan sintiri ya sa aka ajiye abinci da ruwa kusa da shingen sansanin injiniyoyi, sojojinsa suka laɓe da bindigogi da tabarau na ganin dare. Mutum biyu suka matso. Da aka yi musu tsawa suka juya da gudu, aka harbe su ta baya. Ɗaya ya ji rauni ya rayu. Ɗayan, Ahmed Arush, ya mutu. Babu bindiga a hannun ko ɗaya.

Likitan tiyata na rundunar, mai muƙamin manjo, ya duba gawar ya ce raunukan sun nuna masa an ƙarasa mutumin ne daga kusa bayan ya faɗi. Ya sanar da na sama. Aka sa wani kyaftin da ba mai bincike ba ya duba lamarin cikin gaggawa, rahotonsa ya wanke masu harbin. Ƙwararrun masu bincike na 'yan sandan soja ba a turo su kan wannan batu ba sai bayan kimanin mako biyar. A kwanakin da suka biyo bayan harbin, babu wanda aka tsare, babu wanda aka karɓe wa bindiga.

Daren 16 ga Maris 1993

Da safe manjon da ke jagorantar kwamando na biyu ya tara shugabannin sassansa ya ce masu kutse a kama su, an kuma yarda a ci zarafinsu. Daga baya a kotu ya ce nufinsa a yi amfani da ƙarfi wajen kamun, don su ji tsoron dawowa. Wani kyaftin ya isar da maganar ga sajan-sajan ɗinsa. Wasu cikin sajan-sajan ɗin suka ƙi isar da ita ga yaransu. Ta dai bazu.

Wajen ƙarfe tara na dare aka kama Shidane Arone, ɗan shekara 16, a wani sansani da sojojin Amurka suka bari, daura da na kwamando na biyu. Ba shi da makami. Ya ce wani yaro da ya ɓace yake nema. Aka ɗaure shi hannu da ƙafa, aka rufe masa ido, aka sa shi a wani rami da aka kewaye da buhunan yashi. Masu gadinsa su ne kofur ɗin nan da farabitin nan da aka yi shakku a kansu tun a gida.

Kofur ɗin ya dake shi da hannu, da takalmi, da kulki, da sandan ƙarfe, ya ƙona masa tafin ƙafa da taba. Farabitin ya taɓa dukansa shi ma, sannan ya ɗauki hotuna 16. An shafe sa'o'i ana yi. Yaron yana ihu yana kiran sunan ƙasarsu, yana cewa Kanada, Kanada. Ramin ba a bayan gari yake ba. Sojoji sun leƙa sun gani sun wuce. Sajan da ke da alhakin gadin ya gani, ya tafi ya kwanta. Shaidun da aka bayar a kotu sun nuna cewa mutane da yawa a tantunan kusa suna iya jin ihun. Wajen tsakar dare rai ya yi halinsa.

Farabitin ne ya kai maganar hotunan ga wani sajan. Ranar 18 ga Maris aka tsare kofur ɗin, washegari aka same shi ya rataye kansa. An ceto shi, amma ƙwaƙwalwarsa ta lalace. Wani ɗan jarida na ƙaramar jarida daga yankin Petawawa da ke ziyara a sansanin ya ga ana fitowa da shi, kuma daga nan labarin ya fara fita. Ministar tsaro ta lokacin, Kim Campbell, tana tsakiyar neman shugabancin jam'iyyarta. An biya dangin yaron dala dubu 15, kuɗin raƙuma 100 na diyya.

Magani na farko, kotun soja: 1993 zuwa 1996

Manyan soja sun tsaya a kan cewa wake ɗaya ne ya ɓata gari. Kwamitin cikin gida da aka kafa a Afrilun 1993 ba a ba shi damar taɓa kashe-kashen ba, ya kuma taƙaita matsalar ga wasu tsiraru a kwamando na biyu.

An gurfanar da mutum tara. Farabitin da ya ɗauki hotuna, mafi ƙanƙantar muƙami cikinsu, shi ya sami hukunci mafi tsanani: shekara 5 da kora cikin wulaƙanci, a Maris na 1994. Kofur ɗin aka ce ba zai iya tsayawa shari'a ba, kuma a 2008 aka janye tuhumar. Sajan da ya ga dukan ya tafi ya kwanta ya sami kwana 90, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar shekara 1. Kyaftin da ya isar da umarnin an rage masa muƙami zuwa laftanar. Manjon da ya ba da umarnin gargaɗi mai tsanani aka fara yi masa, sai a ɗaukaka ƙara aka ba shi wata 3 da kora. Kwamandan da ya jagoranci rundunar a Somaliya an wanke shi sau biyu. Kyaftin na daren 4 ga Maris an wanke shi daga tuhumar harbin.

Maganar ba ta mutu ba. A Nuwamban 1994 aka saki hotunan ga jama'a, likitan nan kuma ya fito ya ce an taɓa ba da umarnin lalata wasu hotuna na cin zarafi. Sabon ministan tsaro, David Collenette, ya yi alƙawarin bincike a fili.

Magani na biyu, rushe rundunar: Janairu zuwa Maris 1995

Tun 1993 an kawo wa rundunar wani kwamanda mai tsanani wanda ya kori fitinannu ya dawo da horo. A Janairun 1995 gidajen talabijin suka nuna bidiyo biyu. A ɗaya, sojoji a Somaliya suna zagin mutanen ƙasar da kalaman wariyar launin fata. A ɗayan, na bikin shigar da sababbi a kwamando na ɗaya a 1992, ana jan wani soja baƙar fata da igiya, an rubuta masa sunan KKK, ƙungiyar fararen fata masu ƙin baƙar fata, a baya. Ranar 23 ga Janairu ministan ya sanar da rushe rundunar, duk da babban hafsan tsaro bai so ba. Ranar 5 ga Maris aka yi faretin ƙarshe. Sojojin suka koma rundunonin da suka aiko su tun farko. Waɗanda suka zaɓe su, suka horar da su, suka sa hannu cewa sun shirya, rushewar ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Magani na uku, bincike a fili: 1995 zuwa 1997

A Maris na 1995 aka kafa kwamitin mutum uku ƙarƙashin Mai Shari'a Gilles Létourneau. Bai yi nisa ba ya ci karo da wata matsalar a hedikwatar tsaro ta Ottawa, babban birnin ƙasar: an sauya wasu takardu kafin a ba wani ɗan jarida na gidan rediyon CBC, wasu takardun kuma sun ɓace. A Afrilun 1996 aka tsayar da aikin sojan ƙasar na yini guda don neman takardu. Babban hafsan tsaro, Janar Jean Boyle, ya zauna gaban kwamitin ya ɗora laifin a kan na ƙasa da shi. A Oktoba ya ajiye aiki.

A Janairun 1997 wani sabon minista, Doug Young, ya ba kwamitin wa'adin rufe zama zuwa ƙarshen Maris. Zaɓe na tafe. Rahoton ya fito ranar 2 ga Yuli da shawarwari 160. Ya ce shugabanci ne ya gaza a kowane mataki, ya kuma danganta daren 16 ga Maris da sakacin da aka yi bayan 4 ga Maris. Kisan Shidane Arone kansa kwamitin bai kai ga sauraron shaidu a kansa ba. Kan maganin zazzabi ma bai yanke hukunci ba. A 1999 babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya ce ba a sa ido a kan masu shan maganin yadda ƙa'ida ta tanada ba, kuma tun 2017 sojan Kanada ba ya ba da shi sai in babu wani.

Gyaran da ya zauna: 1997 zuwa 2003

Gwamnati ta ce ta karɓi 132 cikin shawarwarin, ta ƙi wadda ta nemi a naɗa babban sufeto mai zaman kansa. An sa tsohon alƙalin alƙalai Brian Dickson ya duba shari'ar soja. Daga nan aka kafa sashen bincike na manyan laifuka wanda ba ya ƙarƙashin kwamandan da ake bincikar rundunarsa. A 1998 aka buɗe ofishin karɓar koke na sojoji, aka kuma gyara dokar tsaro: mai gabatar da ƙara na soja ya zama mai cin gashin kansa, aka kafa hukumar farar hula mai sauraron ƙorafi kan 'yan sandan soja. Aka ce duk mai son zama hafsa sai da digiri. Aka naɗa kwamitin mutanen waje da ya riƙa bin diddigin gyaran yana buga rahoto har 2003.

An kuma taƙaita dokokin yaƙi zuwa ƙa'idoji 11 da ake koya wa kowane soja. Cikinsu: kada a kai wa wanda ya miƙa wuya hari, duk wanda ke tsare a riƙe shi da mutunci, azabtarwa haramun ce, a kwashi masu rauni a yi musu magani, naka ne ko na maƙiyi, ba a ganima. Ta ƙarshe ta ce duk wanda ya ga ana karya waɗannan, wajibi ne ya yi ƙoƙarin hanawa, ya kuma kai rahoto. A 2003 aka fitar da littafin aƙidar aikin soja, wanda ya sa girmama mutuncin kowane ɗan Adam a gaba da yi wa ƙasa hidima, ya sa yi wa ƙasa hidima a gaba da biyayya ga halastaccen umarni.

Gwaji a Afganistan: 2008 zuwa 2010

Fiye da sojojin Kanada dubu 40 sun yi aiki a Afganistan daga 2001 zuwa 2014, 158 suka rasa rayukansu. Ranar 19 ga Oktoba 2008, a lardin Helmand, wani kyaftin mai ba sojojin Afganistan shawara ya tarar da ɗan Taliban da jirgi mai saukar ungulu ya yi wa mummunan rauni, an riga an ƙwace makaminsa. Ya harbe shi. Masu goyon bayansa sun ce jinƙai ne. Bayan kamar wata biyu maganar ta kai sama, sashen bincike ya shiga, aka kama shi kafin shekara ta ƙare. Soja daga cikin tawagarsa ya tsaya a kotu ya ba da shaida. A Yulin 2010 aka wanke shi daga kisan kai, ba a ma samu gawar ba, amma aka same shi da laifin aikata abin kunya. Aka rage masa muƙami aka sallame shi.

A gefe guda, a Nuwamban 2009 wani jami'in diflomasiyya, Richard Colvin, ya shaida wa majalisa cewa mutanen da sojojin Kanada ke kamawa su miƙa wa hukumomin Afganistan, mai yiwuwa ana azabtar da su, kuma ya sha yin gargaɗi. Gwamnati da manyan janar-janar suka musanta. Aka daɗe ana ja-in-ja kan sakin takardu, ba a kafa kwamitin bincike a fili irin na Somaliya ba.

Hukuncin mai nazari

Ban yarda da uzurin zafi da gajiya da fargaba ba. Somaliya ta 1993 wuri ne mai haɗari, sojojin Najeriya 7 aka kashe a Mogadishu ranar 5 ga Satumba na shekarar. Amma a Beledweyne maƙiyi bai kashe sojan wannan runduna ko ɗaya ba. Wanda suka rasa, harsashin abokin aikinsa ne ya same shi bisa kuskure. Abokan gabarsu yara ne masu satar abinci. Maganin zazzabin ya cancanci bincike na gaskiya, kuma an cuci sojojin da aka ba shi ba sa ido. Sai dai ko da ya taɓa ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, ba zai bayyana shirun duk waɗanda suka ji ihun ba, balle umarnin da aka bayar da safe ido biyu.

Rashin sani ma ba uzuri ba ne. Ba sai an karanta wa mutum Yarjejeniyar Janiba zai san ba a dukan ɗaurarre ba. Mutanen garin da aka yi abin suna karanta Suratul Insan, inda aka jera kamamme tare da miskini da maraya cikin waɗanda ake ciyarwa. Sajan-sajan da suka ƙi isar da umarnin sun san haramun ne. Abin da ya ci mini rai shi ne iyakar abin da suka yi ke nan: sun tsare nasu hannun, ba wanda ya haura sama ya ce an ba da umarnin banza, ba wanda ya je ramin ya kwance yaron. Rundunar tana da amana mai ƙarfi, amma ta tsaya a tsakanin 'yan kwamando, kuma a ma'auninta mai tona asiri ya fi mai laifi laifi. An gwada wannan amana da dokar soja a Oktoban 1992 kan motar sajan, amanar ta ci, wanda ya so ya karya ta shi aka cire. An sake gwadawa ranar 28 ga Janairu, an sake ranar 4 ga Maris. Duk soja mai ido ya ga abin da ake kawar da kai a kansa, shi ya sa na fi ɗora nauyin a kan waɗannan ranaku uku da masu muƙamin da suka yi su.

Kotun soja ta gaza saboda hukuncin ya yi nauyi a ƙasa, yana sauƙi yana hawa sama, kuma wanda ya fito da hotunan shi ya fi kowa shan ɗauri. Sojan da ya kalli wannan, darasin da zai ɗauka shi ne ya kama bakinsa. Rushe rundunar ya kwantar da hankalin jama'a, ya kuma shafa wa ɗaruruwan da suka gyara makarantu baƙin jinin da ba su jawo ba.

Abin da ya yi aiki abu biyu ne, kuma ɗaya ba ya tsayawa sai da ɗayan. Ƙa'ida ta 11 ta mayar da shiru laifi, ta yadda kofur zai iya kai ƙarar kyaftin yana mai bin doka. Sashen bincike mai zaman kansa kuma ya ba ƙarar wurin zuwa da ba teburin kwamandan wanda ake ƙara ba. Likitan Beledweyne ya yi magana a 1993, aka ba wani kyaftin na cikin gida ya rufe. A 2008 irin wannan magana ta kai hafsa gaban alƙali, duk da an ɗauki wata biyu kafin ta fito, duk da kuma jama'a da yawa suna tausayinsa. Digiri da littafin aƙida sun taimaka, amma ban ga shaidar da ke nuna su kaɗai za su iya ba.

Gyaran ya sauka ƙasa fiye da yadda ya hau sama. Babu wanda ya wuce manjo da kotu ta hukunta kan Somaliya, shawarar babban sufeto da zai iya bincikar janar-janar ita aka ƙi, kuma batun fursunonin Afganistan ya nuna hedikwata na nan da halinta na riƙe takarda. Tambayar me Ottawa ta sani game da mutuwar Shidane Arone, da ranar da ta sani, tana cikin aikin da aka ba kwamitin Létourneau, aka rufe shi kafin ya kira shaidun.